Hudu Mai Fata Zai Je Hutu Tsibiri

"Duk ƙasar Gumel, daga Maigatari har Gagarawa, babu wanda ya san sha'anin teku kamar ni."

Hudu mai fata ke nan a rumfarsa, yana murza gashin baki. Ni da kai kuwa mun san bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari ba, shi ma daga nesa. Abin da ya kumbura masa kai shi ne saƙon wansa Mu'azu, mai kasuwanci a tsibirin Fanando Po. Wani fatake ya kawo saƙon da baki: idan an gama kakar gyaɗa, Hudu ya zo ya huta wata guda, ya sha kwakwa, ya sha iska. Tun ranar ya laƙaba wa kansa suna Sarkin Ruwa. 'Yan kasuwa suka gyara masa, suka ce Kwaɗon Tudu.

Ya fara da shirin tufafi. Ya ce wa matarsa Asama'u, "Can ruwan sama ba ya ɗaukewa. Kawo man gyaɗa."

"Na miya, maigida?"

"Na riga. Kin taɓa ganin ruwa ya zauna a kan mai? Ilmi ne, ba naku ba ne."

Ya tsoma babbar rigarsa ta Sallah a cikin mai, da wando da rawani, ya shanya a zaure. Kafin gari ya waye ɓeraye da kiyashi sun yi biki. Asama'u ta ɗaga rigar, ta hango shi sarai ta cikinta, kamar rariya.

Hudu ya haɗiye yawu. "Haka nake so. Ƙasar zafi ce, riga mai shan iska ake sawa."

Sai batun jirgin ruwa. An gaya masa jirgi yana jijjiga mutum har hanjinsa ya juya. Ranar kasuwar Maigatari ya nemi wani Buzu ya ara masa raƙumi, don ciki ya saba. Ya fara narkar fura da tsire, wai jarrabawa ba ta yiwuwa da yunwa. Ya hau yana fuskantar wutsiya, ya ɗaure idonsa da tsumma.

Buzu ya ce, "Ba haka ake hawa ba."

"Kai ka san raƙumi, ni na san jirgi. Tada shi."

Raƙumi ya miƙe da baya, ya miƙe da gaba, ya yi taku kaɗan. Fura ta ce ba da ita ba. Ta sauko daga sama ta sauka a kan tabarmar wani mai kanwa, tsire ya biyo ta. Mai kanwa ya raka Sarkin Ruwa da sanda har bakin tasha.

A cikin motar komawa gida, fuska ta yi fari fat, yana ce wa na kusa da shi, "Da gangan na yi. Gwani a tudu yake zubar da nasa, ya shiga jirgi fayau."

Saura abu ɗaya. Ba a barin mutum ya ƙetare sai an yi masa allurar rigakafi. Hudu ya gayyaci rabin kasuwa su zo ɗakin shan magani su ga yadda maza ke karɓar allura. Ya tarar da layin mata masu goyo, ya ratsa su ya wuce gaba.

"Ku matsa, mai tafiya ƙasar waje ne. Malam disfensa, zaɓo mini babbar, ta doki in akwai."

Disfensa, wani dattijo mai suna Malam Dalhatu, ya naɗe masa hannun riga, ya ɗauko allura daga tafasasshen ruwa, ya ɗaga ta sama. Hudu ya dube ta. Allura ta yi ƙyalli. Sai ɗakin ya fara juyawa, Sarkin Ruwa ya sulale ƙasa kamar buhun da aka kwance.

Asama'u, wadda ta biyo shi, ta ɗauki tulun ɗakin ta juye masa. Hudu ya farfaɗo a jiƙe sharkaf, ido a rufe, ya tabbata jirgi ya nitse da shi. Ya kifa ciki a kan siminti, yana wutsil-wutsil da hannu da ƙafa, yana kiran Mu'azu ya miƙo igiya. Mata suka janye zannuwansu, 'yan kasuwa suka cika taga, wani har da riƙe ciki.

Asama'u ta durƙusa. "Maigida, tashi. Gumel ce."

Ya buɗe ido. Ya miƙe a hankali, ya matse gemu, ya dubi jama'a ɗai-ɗai, ya gyara murya.

"To, kun dai gani. An soka mini ita har ƙashi, ko uffan ban ce ba. Malam, ba ni shaidata in tafi."

Malam Dalhatu ya ce, "Zauna tukuna, Malam Hudu. Wannan ta jaririyar can ce. Kai auduga kawai na goga maka."