Yadda Nomau Ya Ɗauki Kwamfuta Aiki

A ƙauyen Kukar Bauna akwai wani manomi ana ce masa Nomau. Gidansa na kusa da rijiyar gari, ɗakuna biyu ne da rumbu da turken jaki. Mutum ne mai ƙwazo, ba wanda ya fi shi iya huɗa, kuma bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Abu ɗaya ne damuwarsa: yadda magana ta fito daga bakinka, haka yake ɗaukarta, ba ya juya ta, ba ya leƙa bayanta. Matarsa Tabawa ta koyi tauna magana kafin ta faɗa masa tun suna amarci, ranar da ta ce ya sa ido a kan tukunya, ta dawo ta tarar da girarsa a babbake.

'Yarsu ɗaya ce, Sakina. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Uwata. Tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya a birni. Wannan karon ta zo hutu da littattafai biyar cike da rubutun hannu, binciken da ta yi a kan rijiyoyin ƙauyukansu da cututtukan da ruwa ke kawowa. Saura mako shida ta miƙa shi a buge, in ba haka ba sai ta maimaita shekara. A shagon buga takardu layi take bi, kuma sau biyu ana ɓatar mata da aiki. Da Nomau ya ji haka sai ya nufi rumbu. Ya kwashe riɗinsa na bana kaf ya sayar, ya ƙulle kuɗin a tsumma, ya ce a faɗa masa sunan abin da ake bukata.

Wata rana Sakina ta faɗa masa. Ta ce sunanta kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma a Tudun Maƙera akwai wani Bashari mai shagon sayar da su. Ranar kasuwa Tabawa ta dawo daga ɗiban ruwa ta tarar da kaji a kan gadonta, ɗaki a hangame ba ƙyaure, rumbu kuma tsirara ba jinka. Nomau ya riga ya yi nisa, jaki na jan amalanke, ƙyauren da jinkar na rangaji a kai, yara na binsa da ido. Da ya isa ƙofar shago ya yi sallama, ya sauke kaya ya jingina.

Bashari ya leƙo ya ce, "Malam, mu ba ma sayen ƙyaure."

Nomau ya ce, "Ba na sayarwa ba ne. An ce sai na tafi da gidana. Ka yi haƙuri da wannan, bangon ne ya ƙi tasowa."

Sai da Bashari ya riƙe kantar shagon don dariya. Da ya huce, ya zaunar da shi ya ba shi ruwa, ya fito da wata baƙar kwamfuta daga kwali ya nuna masa. Ya ce wannan fitowar bara ce, lafiyarta lau, kuma kuɗin riɗin zai saye ta. Sai dai ya ƙara da cewa akwai sababbi da ake sa ran zuwansu, wasu masu saye sun ce gara su jira. Nomau ya koma gida da ƙyaurensa da jinkarsa, da kuma wani kaya da ya fi su nauyi: ya saya yanzu ko ya jira?

Maganar ta raba kan mutane. Tabawa ta ce a saya yau, yarinya aiki ne a gabanta ba ado ba. Maƙwabcinsu Malam Garzali, malamin firamare wanda kullum idonsa na kan waya, ya ce sam, wanda ya sayi ta bara zai yi nadama cikin wata biyu. Sakina kuwa kunya ta hana ta sa baki, don ta san abin da riɗin nan ya ci na gumin mahaifinta.

Wata rana Malam Garzali ya tare Nomau a bakin masallaci ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, sabuwar tana kan hanya. Hankalin Nomau ya ƙi kwanciya. Abu mai tsada haka a bar shi a kan hanya, inda manyan motoci ke wucewa? Ya ɗauki tabarma da buta ya nufi mararraba. Ya bi kwalta yana dubawa taku-taku har gadar Rafin Giwa, ya dawo ta ɗaya gefen. Da bai ga komai ba sai ya shimfiɗa tabarma, duk motar da ta taho ya ɗaga mata hannu ya roƙi direba ya bi a hankali, akwai kwamfutar 'yarsa a kan hanya. Wasu suka zage shi, wasu suka yi dariya. Kwana uku yana wannan sintiri daga hantsi zuwa la'asar. A rana ta uku wani direban kankana ya tausaya masa, ya miƙo masa guda ɗaya ya ce ya je gida ya huta. Tabawa ta yanka kankanar aka sha.

Wata rana kuma Malam Garzali ya kawo sabuwar hujja. Ya ce ko ta baran ce Nomau yake so, ya dakata tukuna, farashinta zai sauko. Nomau ya tuna cewa lallai a shagon Bashari ya ga farashin rubuce a jikin kwali, an rataye shi can sama kusa da silin. Ya ce a ransa, abin da aka ɗaure da zare yaya za a yi ya sauko da kansa? Ya ari tsani a wurin magina, ya saɓa a kafaɗa har Tudun Maƙera. Shago cike da mutane ya shiga, ya jingina tsanin, ya hau, ya kwance kwalin, ya sauko da shi a hankali ya ajiye a ƙasa.

Ya ce, "To, Alhamdu lillahi, ya sauko. Nawa ya zama yanzu?"

Bashari ya duƙa ya karanta masa. Yadda yake a sama, haka yake a ƙasa. Nomau ya mayar da kwalin inda ya same shi, ya ɗaure da kyau, ya ba da haƙuri.

Kwanaki na ta tafiya. Mako shida ya koma huɗu. Sakina ta rage cin abinci, kullum tana zaune a inuwar rumbu tana sake kwafe shafukan da ta riga ta kwafe, don kawai hannunta ya sami abin yi.

Wata rana haƙurin Tabawa ya ƙare. Ta manta da tauna magana, ta ce, "Baban Sakina, ka auna maganata da ta Malam Garzali, wadda ta fi nauyi ka bi ta." Kafin azahar Nomau ya aro sikeli a wurin masu sayen hatsi ya girke a tsakar gida. Ya aika aka kira Malam Garzali, maƙwabta suka biyo baya don kallo. Ya sa Tabawa ta sunkuya ta faɗi maganarta a kan farantin sikeli. Allura ba ta motsa ba. Malam Garzali ya so ya ƙi, amma idon jama'a ya sa shi ma ya sunkuya, ya yi dogon bayani a kan sauri da ƙwaƙwalwa da ƙarfin batir. Nomau ya tsura wa allura ido har aka gama, sannan ya miƙe ya sanar da jama'a cewa ya auna, duk maganganun biyu ba mai nauyin ko ƙwayar gero. Malam Garzali ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Tabawa kuma ranar tuwon da ta tuƙa da gudaji ya fito.

Nomau ya san ana yi masa dariya a gari, wannan bai taɓa damunsa ba. Abin da ya dame shi shi ne fuskar Sakina. Ya tafi gona ya zauna a gindin ɗorawa, ƙullin kuɗin na cikin aljihu, yana tunanin yadda kowa ya ba shi shawara kuma ya bi ta sau da ƙafa, amma har yanzu hannun 'yarsa babu komai. Ya roƙi Allah kada wautarsa ta ci wa yarinyar nan shekara.

Wata rana sai ga saƙo daga Bashari: wani dillali ya kawo masa samfurin sabuwar guda ɗaya, in suna so su zo su gani. Malam Garzali ya manta da fushi, ya ce da shi za a je. Suka tafi su uku har da Sakina. A hanya Malam ya yi ta yabon sabuwar, ya ce ta fi ta bara gudu nesa ba kusa ba, har Nomau ya yi nadamar barin dabaibayin jaki a gida. Da suka kusa shago Malam ya ja shi gefe ya yi masa gargaɗi ɗaya: kada ya ba da ko kwabo sai ta yi aiki a gabansa ya gani da idonsa.

Sabuwar kuwa abar kallo ce, fara sol, siririya, tana ƙyalli kamar sabon faranti. Bashari ya danna, ta kawo haske. Malam Garzali ya ce shi ke nan, ta yi, a biya. Nomau bai taɓa aljihunsa ba. Ya kwance buhun da ya saɓo tun daga gida, ya zazzage littattafan Sakina biyar a kan kanta.

Bashari ya ce, "Ai ka ga ta kunnu."

Nomau ya ce, "Na ga ta buɗe ido. Ɗan ƙwadago ma yana buɗe ido da safe, amma ba na sallamarsa sai la'asar. Uwata, zauna ki ba ta aiki."

Sakina ta so ƙasa ta tsage ta shige. Malam Garzali ya yi ta bayanin cewa ba haka yake nufi ba, Nomau ya ce shi dai haka ya ji. Bashari ya duba bai ga masu saye da yawa ba, ga shi an ɗauke wuta, sai ya jawo kujera ya ce a yi, ya ga ƙarshen abin. Nomau ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa kamar yadda yake zama a bakin gona. Sakina ta buɗe littafin farko ta fara bugawa.

Ba ta cika shafi uku ba kwamfutar ta fara huci. Can ta ɗauki zafi har Sakina ta janye hannu, sai allon ya yi duhu ɗif. Aka danna, aka jijjiga, shiru. Bashari ya daina murmushi. Ya ɗauko abin kwance noti ya buɗe bayanta, kowa ya leƙa. Ciki ƙura ce dam, batir ya kumbura, kayan duk sun tsufa. Tsohuwa ce tukuf aka sa wa sabuwar riga. Bashari ya zauna a kan benci yana salati, don ya riga ya yi wa dillalin alkawarin karɓar guda ashirin ranar Juma'a. Nan take ya buga waya, aka tabbatar masa cewa sababbin na gaskiya ko jirgi ba su hau ba, sai bayan wata uku ko huɗu. Malam Garzali ya cire hularsa ya mayar.

Nomau dai bai ga abin mamaki ba. Ya ce wannan ta gaza tun hantsi, a kira ta biyun. Aka fito da baƙar nan ta bara. Sakina ta sake farawa daga shafin farko. Aka yi azahar aka dawo tana bugawa. Tun tana jin kunya har ta manta da mutane, yatsunta suka saki, tana karanta sunayen rijiyoyin a hankali tana shigar da su. Masu wucewa suka taru a ƙofa, har wata mata ta ce ita ma irin wannan za ta saya wa ɗanta, tunda ta ga aikinta da idonta. Da aka kira la'asar Sakina ta gama babi biyu cur, kwamfutar ko gumi ba ta yi ba, kuma da sauran caji. Ta ɗago kai tana dariya, irin dariyar da mahaifinta ya yi makonni bai gani ba.

Malam Garzali ya matso ya duba allon, ya ce gaskiya wannan ta ishi aikin har ta yi saura. Bashari ya haɗa mata da jaka kyauta, ya riƙe hannun Nomau da hannu biyu ya ce yau ya tsamo shi daga rami. Nomau ya dubi ƙasan shagon bai ga rami ba, amma ya amsa godiyar. Sannan ya kwance tsummansa ya biya.

Sakina ta miƙa bincikenta saura kwana tara wa'adi ya cika, ta kuma ci. Amma abin da mutanen Tudun Maƙera suka fi tunawa shi ne sallamar da Nomau ya yi ranar. Ya kai bakin ƙofa, jakar na rungume a ƙirjin 'yarsa, sai ya juyo.

Ya ce, "Bashari, in sabuwar ta iso ka gaishe ta da gajiya. Ka ce mata ta yi haƙuri, mun riga mun ɗauki ma'aikaciya."