Keken Tela Bai Samu Beli Ba

Jiya a kotu na yini, jama'a, kuma ban yi wa kowa laifi ba. Rakiya na yi wa maƙwabcina tela, wanda aka sace wa keken ɗinki tun matata na da cikin yaron da yanzu yake fasa mana kofuna. An kama ɓarawon da keken a ka. Ni da jahilcina na ɗauka magana ta ƙare: ga kaya, ga mai kaya. Ashe a ilimin shari'a keken ya tashi daga keke, ya zama abin shaida, kuma abin shaida ba ya komawa gida sai an yanke hukunci.

Ɓarawon, a gafarce ni, wanda ake tuhuma, tuni ya samu beli, har ya yi ƙiba. Tela kuwa shago a rufe, yadudduka jibge, masu kaya na yi masa sallama tun da asuba. Shi da ɓarawon ma sun yi sulhu a benci, don zaman jira ya mai da su abokai. Aka ce sulhunsu nasu ne, shari'a ta hukuma ce.

Jiyan ma ɗagewa aka yi. Mai Girma Mai Shari'a, Allah ya ƙara masa lafiya, ya tafi taron yadda za a hanzarta shari'o'i.

Muna fitowa tela ya tsaya cak a ƙofar ɗakin ajiya. Ciki ana ta ɗinki, ƙarar na tashi.

"Wallahi kekena ne," in ji shi. Tausayinsa ya kama ni.

Babban Mai Riƙon Makulli ya leƙo, zare a baki.

"Ranka ya daɗe, a ba ni belin keken nan mana. Ga maƙwabcina zai tsaya masa," in ji tela.

"Malam, beli na mutane ne. Keke in ya fita, wa ya san ko zai dawo?"

"To wa ke takawa a ciki?"

"Kula da shaida muke yi. So kake ya yi tsatsa a hannun hukuma?"

Nan na lura da sababbin labulen kotun. Kalmasa tsaf, babu inda zare ya kauce. Masu cewa ba a aiki a ma'aikatun nan su ji tsoron Allah.

Da tela ya ce masu kaya za su kai shi ƙara, sai Mai Makulli ya sassauta murya: "Kawo yaduddukan nan. Kai namu ne, za a yi maka ragi."

Yau da safe tela ya kai, me zai yi? Ni ma na cusa wandona a ciki a rage mini tsawo. An karɓa cikin mutunci, an ce in dawo ran Talata. Ɗazu masinjan kotu ya biyo ya sanar da ni an ɗage.