Rasuwar Kore, Fitilar Gindin Kibiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, Baba Othman tela na unguwar Waziriyya a Jidda yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan zamansa na Bab Makka rasuwar Kore, wanda yara ke kira Abu Lamba, wato Mai Fitila. Ya cika ranar Juma'a bayan la'asar, yana tsaye a bakin aikinsa.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan mitsitsin abu ne, bai fi gaɓar yatsa ba. Ana cusa shi a gindin kibiya, wajen tsagin nan da tsarkiyar baka ke shiga. Da an saki tsarkiya sai ya ce ƙyas, ya kama da koren haske, ya tafi da shi har inda kibiya ta sauka. Iyakar sana'arsa ke nan. Amma ta wurinsa kaɗai Baba Othman yake ganin harbin jikarsa Wejdan, domin idon Baba ya daɗe da yin hazo. Likitoci sun ce yanar ido ce, abin da 'yan Jidda ke kira moya baida, kuma sai an yi aiki. Baba ya ce raɓar teku ce, kuma idon da ya tsufa yana zira zare a allura ba zai kwanta wa wuƙar yaro ba.

Marigayin bai shigo gidan nan da goron gayyata ba. Lokacin da Wejdan ta shiga nadi, wato kulob ɗin koyon harbi, babu wanda ya kai Baba murna, domin mahaifinsa maharbi ne a Mai Wurno ta Sudan, kwarinsa ma yana nan rataye a bangon ɗaki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk Juma'a ɗansa Mus'ab, uban yarinyar, yakan kwashe su zuwa hoshin wani amininsa, fili mai katanga a bayan gari, ta yi ta harbi, Baba na kan kujera yana gyara mata. Ya yaba wa kibiyar da ta daki katanga. Ya yi faɗa a kan wadda ta shiga tsakiyar allon harbi. Akwai ranar da ya ce madalla tun ba a saki tsarkiya ba. Yarinya mai kunya ce, sai ta fara cewa da ubanta, ai Sidi, wato kakan nata, ya gaji, a bar shi ya huta a gida.

A makon da ta fara faɗin haka Mus'ab ya zo da Kore, wai don kada kibau su riƙa ɓata cikin yashi. Baba ya juya shi a tafin hannu, ya ce tun da yake bai taɓa jin maharbin da ya kunna wa nama fitila ba, kibiya mai mutunci ba ta sallama, kuma in ubansa ya tashi ya ga kibiya da lantarki a gindi sai ya koma ya kwanta. Aka sa shi duk da haka. Wejdan ta ja, ta saki. Ƙyas. Wani koren zare ya keta hazon nan tun daga hannunta har allo, yana kaɗa wutsiya kamar tarwaɗa.

Baba ya miƙe daga kujera. "Amarya, fizgar tsarkiya kike yi! Ba a fizga, saki ake yi, kamar mai sakin tantabara."

Ta waiwayo da baki buɗe. "Wallah, Sidi? Kocinmu ma nafsil kalam, haka yake cewa."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yalla, sake."

Tun daga ranar ba a ƙara cewa Sidi ya gaji ba. Ɗan hakin da ka raina, an ce shi ke tsone maka ido, to wannan buɗewa ya yi.

Marigayin mai gaskiya ne. Bai taɓa rufa wa mugun harbi asiri ba, ko na wane ne. In hannu ya yi rawa, zai kaɗa wutsiya a gaban kowa. In an ɗora shi ba daidai ba a kan tsarkiya, zai yi ta tsallen kwaɗo har ya isa. In kuwa harbi ya yi kyau, zai tafi santal, ba waige. 'Yan'uwansa a wasu ƙasashe sukan bi mafarauta daji, su nuna musu inda kibiya ta shiga jikin nama da inda ta faɗi cikin ciyawa. Shi bai taɓa zubar da jinin ko ɓera ba. Bai taɓa neman takardar zama ta iƙama ba, bai taɓa kai ƙarar kafili, ubangidan baƙo, ba. Ya sha zafin Jidda da gumin Jidda bai ce uffan ba. Maganarsa duka duniya ƙyas ce, sai kuma tuf in ya sauka.

Ba a rasa shi da hali ba, ɗan Adam ma tara yake bai cika goma ba. Yana da ɗan nauyin gindi, yakan sa kibiya ta sauka ƙasa kaɗan. Kuma in ya kama, ba ya mutuwa don kansa, sai an tsokane shi da tsinke, kamar wasu tsofaffi in sun fara magana.

Rashin lafiyarsa gajeriya ce. Tun bayan babbar salla haskensa ya fara dushewa. Mus'ab ya ce batir ne, kuma irin nasa a rufe yake, ba a canzawa. Baba ya fi kowa lura da dushewar, amma bai tabbatar ko daga ina take ba, daga gindin kibiya ko daga wajen mai kallo, don haka ya ja bakinsa.

Ranar da abin ya faru, Wejdan ta harba shi ya tafi santal ya tsaya a tsakiyar allo yana ci. Ta ɗaga ƙafa za ta ciro shi, Baba ya ce ta bar shi, ga shi can ya nuna mata hanya, ta aika masa da 'yar'uwa. Ta zaro kibiya marar fitila, ta ja, ta saki. Baba bai ga komai ba. Ya dai ji ƙwas, koren nan ya ɗauke.

Ya zauna, hannu a kan gwiwa. A ransa ya ce shi ke nan, idon ne ya ƙarasa, kuma ya fara tunanin yadda zai kai mota ba tare da kowa ya gane ba. Sai ihun yarinya ya cika hoshi.

"Sidi! Shufta? Ka gani? Ta shiga cikinta! Kibiya cikin kibiya!"

"Na gani," in ji Baba.

Ta ja shi da hannu har gaban allo. Ya bi kibiyar da yatsu, ya taɓa inda ta biyu ta tsaga gindin ta farko ta shige, ya taɓa ɓurɓushin Kore. Harbin da ubansa ya mutu bai taɓa yin irinsa ba, jikarsa ta yi shi taku kaɗan daga kujerarsa, shi kuwa da yatsa ya kalla.

Iyalan mamaci ba su riƙe kowa a zuci ba. Harbi a wutsiya ma an ce ya fi kuskure, balle wannan.

Marigayin ya bar baka ɗaya, da kibau goma sha ɗaya waɗanda ba su gaje shi da komai ba, da tsinken da ake kashe shi da shi, wanda yanzu ba shi da aikin yi. Su uku suka zo a leda ɗaya: wansa bai taɓa kamawa ba tun haihuwa, ƙanensa ya tsallake katanga bara, har yau ba labari. Ya bar Wejdan, wadda ta yi kuka ta yi dariya a numfashi ɗaya. Ya bar tsoho ɗaya a kan kujera.

Mus'ab ya ce halas, shi ke nan, gobe zai sayo wasu. Wejdan ta ce a sayo, amma nadi ya sa sunanta a gasar da za a yi bayan wata biyu, kuma a gasa mamnu' ne, ba a yarda da kibiya mai fitila ba. Ta ce ta riga ta gaya wa ƙawayenta kakanta zai zo, shi ne ya koya mata saki. Baba ya ce ya ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Za a naɗe abin da ya saura na marigayin cikin ƙyallen farin yadi, a saka shi cikin kwarin mahaifin Baba ranar Lahadi bayan la'asar, su daidaita tsakaninsu. Babu salla, kada wani ya kai magana wajen liman. Ba za a rataya fitilu a layi yadda ake yi a makokin Jidda ba, don kada a ci fuskar mamaci. Za a karɓi gaisuwa a gida tsakanin magariba da isha'i, akwai gahawa da dabino. Mai shawara a kan ido ya bar ta a bakin ƙofa tare da takalmansa.

Zaman makoki kwana biyu ne, ba uku ba, domin ranar Talata da safe Mus'ab zai kai mai makoki wajen likita. Ba don wani abu na damun idon ba, raɓar ce za a share. Wanda ya zo a cikin makon ya yi sallama ya faɗi sunansa, zai tarar da bandeji. Wanda ya bari sai mako na gaba kuwa, ya wanke fuska ya gyara zaman hularsa kafin ya shigo, domin za a gan shi.