Ranar da Sahabi Ya Ɗaure Kwamfuta a Turke

"Sabon furosesan da duniya ke jira baɗi, ni na gama da shi tun bara!"

Haka Sahabi ke faɗa a kasuwar Talata Mafara yana bugun ƙirji. Furosesa dai shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Abokina, in ba ka san shi ba, shi ne wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya bayan ya kalli bidiyo uku da rabi a waya, don na huɗun data ta ƙare masa a tsakiya. In ya fara zancen gudun ram, 'yar na'urar da ake soka wa kwamfuta don ƙara mata sauri, sai ka rantse da shi aka ƙera ta.

Yayarsa Bushira tana da shagon buga takardu da kwamfutar tebur ƙwaya ɗaya, tsohuwa mai haƙuri. A cikinta tambayoyin jarrabawar wata makaranta ta garin Kaya suke, gobe za a zo ɗauka. Ranar Talata ta fita sayen tawada ta bar masa shago, sai gogan ya zaro ram sabuwa fil da ya sayo a Gusau.

Misbahu, mai gyaran kwamfuta daga Bakura, ya leƙo. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Injiniya, mi za ka yi da wagga?"

"Gudunta dubu takwas! In na sa ta, tsohuwar ga za ta tsere wa furosesan da ba a haifa ba."

"Ai ba zamaninsu guda ba. Madabod ɗin ga, babban allon da za ka soka ta a kai, iyakarsa dubu ukku da 'yan kai. Dubi tsagar ma, ba ta shiga."

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji Sahabi.

Ya danna, ta ƙi. Ya juya ta, ta ƙi. Sai ya ruga rumfar babansu, wanda mahauci ne, ya ɗauko wuƙar fawa ya sara mata sabuwar tsaga, ya bi ta da ƙotar wuƙa, ƙwas!

"Kun gani? Ram ta zauna ram!"

Garin bincike ya ɗaga fankar furosesa, ya ga man da ke sanyaya shi ya bushe. Wannan ai ba ya gagarar ɗan gidan nama. Ya yanko kitsen tozo ya lafta masa kamar mai shafa wa jariri man kaɗanya.

Ya kai hannu zai kunna, sai tsoro ya kama shi. Abin da ke gudun dubu takwas, wa zai tare shi in ya ɓalle? Ya kafa turke a ƙofar shago, ya aro igiyar bijimi daga kara, kasuwar shanu, ya ɗaure kwamfuta tamau, har da dabaibayi. 'Yan kasuwa suka taru.

"Ku ba ta hanya! Wanda ta take, shi ya so!"

Ya danna. Allo baƙi ƙirin. Kwamfuta ta ce ƙit, ƙit, ƙit.

"Ina hoton?" Misbahu ya tambaya.

"Kai dai baƙauye ne. Hoton ya hito, idonka ne bai kamo shi ba. Yanzu haka ya wuce garin Tsibiri." Nan take ya buga wa wani ɗan acaɓa waya a Maradun, wai ya tsaya bakin hanya, in ya ga tambayoyin lissafi sun gifta ya taro su.

Yana cikin wayar sai wani ƙamshi ya tashi, hayaƙi ya biyo baya. Kyanwoyi biyu suka shigo suka zauna da ladabi. Wani dattijo daga Faru ya kutso yana cewa, "Yaro, a ina aka yin balangun ga? A yanka min mai kitse."

Daidai nan Bushira ta dawo. Ta dubi turke, ta dubi hayaƙi, ta ɗora hannu a kai. "Sahabi! Jarrabawar mutane!"

"Yaya, ki kwanta da hankalinki, suna hanyar Maradun..."

Misbahu ya fizge wayar wuta, ya zaro faifan ajiya ya gwada a tasa kwamfutar. Allah ya rufa asiri, tambayoyi na nan. Amma madabod, ram da furosesa, sai dai a yi wa Bushira ta'aziyya.

Hayaniya ta jawo babansu. Tsohon ya ɗaga furosesa da tsinken tsire, ya juya shi, ya shinshina, sannan ya dubi ɗansa a gaban kasuwa kaf.

"Shekara goma ina roƙon ka zauna bakin tukuba, kana cewa kai Injiniya ne. Yau ga shi ka yi gashin farko." Ya sake shinshinawa. "Shi ma ka ƙona, kuma babu yaji."