Tunau da Jan Rubutu

A garinmu, Tungar Giginya, gidan da ya fi kowanne kusa da kogi shi ne gidan su Tunau. Su uku ne a ciki in an haɗa da akuya: shi, da mahaifiyarsa Inna Tabawa wadda ƙafafu suka daina ɗaukarta, sai akuyar, wadda masu baki ke cewa ta fi maigidan wayo. Ni dai ban yarda ba, wannan zalunci ne. Matsalar Tunau ɗaya ce tak, duk abin da aka ce masa haka zai yi shi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya ka manta da shi, gobe a nan za ka tarar da shi, kuma shi zai fara ba ka haƙuri.

Mu mutanen bakin kogi tsoronmu ɗaya ne, ruwa. Shekarar da jinga ta ɓalle, wato tudun ƙasar da muka tara tsakaninmu da kogi, ruwa ya tafi da mahaifin Tunau, ko hularsa ba a gani ba. Tun daga nan, da damina ta yi nisa, babu mai cikakken kwanciyar rai a garin, balle gidan da tsohuwa ba ta iya gudu.

Tunau yana da ƙanwa, Uwani, wadda ta yi karatu ta zauna a birni tana rubuta manhajar kwamfuta. Ita ta zo da wani shiri. Can gaba da garinmu akwai Matsatsi, inda kogi ke bi ta tsakanin duwatsu, kuma ruwan da aka gani a can da hantsi sai wajen la'asar yake iso mana. Aka kafa doguwar sanda a wurin, aka yi mata lambobi da fenti. Kullum mutum zai je ya duba inda ruwa ya kai, ya rubuta a wani shafi a waya ya aika. In lambar ta kai ta haɗari, saƙo zai faɗa wayar Sarkin Ruwa Jatau, gari ya kwashe ya hau Tudun Kuka.

Da Uwani ta ce yayanta zai riƙe wayar, har da masu riƙe ciki don dariya. Ta ce ita dai ta san ba ya ƙarya kuma ba ya fashin aiki. Ta zaunar da shi, tun da ya ɗan taɓa firamare yana iya haɗa baƙi.

"Yaya, in ka aika ka ga kore, an karɓa, sai ka dawo gida. In ka ga jan rubutu, akwai kuskure. Ka karanta, ka yi abin da ya ce. Kada ka bar wurin, kada ka rufe shafin, sai ka ga kore."

"Wa ke yin jan rubutun?"

"Na'ura ce kawai."

Tunau ya gyaɗa kai, amma a ransa ya riga ya yanke cewa wani babba ne mai zafin rai yake zaune a ciki, wanda ko suna ba a ambata masa. Tun daga ranar yake ce masa Jan Rubutu, kuma in zai faɗa sai ya rage murya.

Wata rana, a makonsa na farko, ya manta bai rubuta sunan wurin ba ya danna. Jan Rubutu ya fito: "Ba a barin wannan gurbi babu komai." Tunau ya kalli gurbin. Ya laluba aljihu, ya samu ƙwayar gyaɗa, ya ɗora ta daidai kan gurbin. Ta gangaro. Ya ɗora tsakuwa, ita ma ta gangaro. Daga ƙarshe ya gutsuro ƙullin tuwon da Inna ta ɗaure masa ya liƙa a fuskar wayar, ya zauna ya naɗe ƙafa yana jiran a huce. Masunta suka same shi a haka rana ta take, tururuwa sun yi layi a kan wayar, shi kuwa yana roƙonsu su bari kada su cinye wa Jan Rubutu abincinsa. Da labari ya kai wa Uwani, ta yi dariya har ta gaji, sannan ta koma ta gyara saƙon ya zama: "Rubuta sunan wurin a nan."

Wata rana kuma ladabi ya kama shi. Ya ga bai dace kullum ya riƙa jefa wa babba lamba ba ko gaisuwa, sai ya rubuta a gurbin lambar: "Barka da hantsi, ruwa yana nan lafiya." Jan Rubutu ya amsa: "Lamba kawai ake so, ban da kalmomi." Tunau ya ji kamar an mare shi. Ya rubuta lambar, kore ya fito, amma ai ba a ce an janye dokar ba. Ya dawo gari bakinsa a ɗinke.

"Tunau, ina gajiya?" in ji Liman a ƙofar masallaci.

"Uku."

"Lafiya kuwa?"

"Bakwai."

A gida Inna ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce mata goma sha ɗaya, hawaye na zubo masa. Tsohuwa ta rikice, ta ce mutanen ruwa sun shafe shi a Matsatsi kamar yadda suka ɗauke ubansa. Aka turara shi, aka yi masa tofi, aka ɗura masa rubutu, duk yana ƙirga musu lamba cikin kuka. Sai da aka kira Uwani ta ce masa ita ta san Jan Rubutu, kuma ya yafe, sannan ya buɗe baki ya ce yunwa yake ji. Wannan saƙon ma ta gyara shi. Ta ce mana yayanta ya fi duk abokan aikinta iya gano saƙon da bai fita ba.

Wata rana wayar ta faɗa laka, aka goge ta, sai ta nemi ya sake shiga. Maimakon ya shiga, sai ya danna wurin sabuwar rajista ya rubuta sunansa. Jan Rubutu ya ce: "Akwai mai wannan suna tuni." Tunau ya waiga dama ya waiga hagu, babu kowa a Matsatsi sai shi da kukan ruwa. Ya taho gida yana tafe yana waiwaye.

"Inna, don Allah ki gaya min gaskiya. Tunau biyu kika haifa?"

"Kai ɗaya ma ya na ƙare da kai?"

"To akwai wani Tunau, ya riga ni shiga. Ko ni ne na biyun?"

Wannan tambaya ta hana shi cin tuwo. Ya daina leƙa randa don kada su haɗa ido da ɗayan. Ya ja akuyar gidan har ƙofar Liman, ya ce a yanka a raɗa masa wani sunan da babu mai shi, tun da nasa an riga an cinye. Akuyar ta tsira ne don Sarkin Ruwa ya biyo ta wurin, ya kira Uwani, ta yi masa bayani cewa wancan Tunau ɗin shi ne dai, tun rajistar farko. Ya yarda da baki, amma ya daɗe ba ya amsa kira sai an maimaita, wai don ya ba ɗayan dama ya fara amsawa.

Bayan wannan Uwani ta zauna ta bi saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya, ta sa kowanne ya faɗi abin da mutum zai yi, ba laifinsa kawai ba. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta sa tun farko don kama kuskuren yatsa: duk lambar da ta haura shida, a ƙi ta. Dattawa sun tabbatar mata ko shekarar da jinga ta ɓalle ruwa bai wuce biyar da rabi ba. Saƙon da ta rubuta wa wannan ƙa'ida shi ne: "Wannan lamba ta yi yawa. Koma ka duba sanda, ka sake aikowa." Ba ta taɓa zaton wani zai gan shi ba sai wanda yatsansa ya zame.

Wata rana, ƙarshen damina, ranar kasuwar Kanya ce, rabin maza sun tafi cin kasuwa. A garinmu ko ɗigo ba a yi ba, rana tar, kogi ya ɗan ƙaru amma ba abin tayar da hankali. Ashe can sama an kwana ana zuba ruwa. Da Tunau ya isa Matsatsi da hantsi, bai gane wurin ba. Ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa da bukkoki, har da wata saniya ƙafafu sama. Jiya ruwa yana kan uku a sandar, yau ruwa ya haura shida.

Ya hau dutsen da yake tsayawa, ya rubuta shida da ɗigo biyu ya aika. Jan Rubutu ya ce lambar ta yi yawa, ya koma ya duba ya sake aikowa. Tun da an ƙi lambar, babu saƙon da ya tafi wayar Sarkin Ruwa. Gari yana can ana daka, Inna na zaune a tabarma a tsakar gida.

Mai wayo da sai ya rubuta shida don ja ya ɓace, wani kuma da sai ya jefa wayar a aljihu ya ruga. Tunau an ce ya koma ya duba, sai ya sauka, ya kutsa ruwa har gwiwa, ya duba sanda, ya dawo ya aika. Shida da ɗigo uku. Aka ƙi. Ya sake komawa. Ɗigo huɗu. Aka ƙi. Tsoro biyu suka haɗu masa, ga ruwan da ya ci ubansa, ga babban da ba ya karɓar magana. Yana kuka yana cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi haka ne, ba ni na ƙara ba." Ruwa ya zagaye dutsen, hanyar da ya biyo ta nutse, shi kuwa yana ta dubawa yana aikawa.

A birni, duk lokacin da shafin ya ƙi wani abu, kwamfutar Uwani tana ajiye bayaninsa. Ta ga ƙorafi na ta shigowa daga waya ɗaya, ta yi tsaki ta ce Yaya ya sake. Ta buɗe don ta ga wace ɓarna ce yau. Sai ta ga lambobin a jere, kowacce ta fi ta bayanta, kuma yatsan da ya zame ba ya zamewa a jere haka. Nan ta gane gaskiya yake aikowa.

Ta kira Sarkin Ruwa. "Baba, ku fita, ruwa ya haura shida a Matsatsi. Don Allah ku fara da Inna."

Aka buga ganga, aka yi shela a lasifikar masallaci. Mata suka goya yara suka kora awaki, samari biyu suka ɗauki Inna Tabawa a kan ƙyauren ɗakinta. Tana ta tambaya ina Tunau. Sarkin Ruwa ya tura masunta da babban kwalekwale, amma sun ce ba su isa su kusanci dutsen ba, ƙarfin ruwan zai kife su. Sai dai in shi ya bi ta bayan dutsen, inda ruwa bai wuce ƙirji ba tukuna, ya kama giginyar da ke kan gaɓa, su ɗauke shi a can. Suka yi ta ɗaga masa hannu suna kira, ƙarar ruwa ta shanye muryarsu.

Sarkin Ruwa ya gaya wa Uwani abin da masunta suka ce, sai ta kira wayar Tunau. Yana ganin sunanta, amma an ce kada ya rufe shafin sai ya ga kore, sai ya kashe kiran. Ta sake kira, ya sake kashewa, yana ba ta haƙuri da baki. Ta san yayanta. Ta san in ta ɗage ƙa'idar kore ya fito, abin da kore ke nufi a wurinsa shi ne ya koma gida ta hanyar da ya saba, hanyar da yanzu ruwa ya haɗiye. Ta share hawaye, ta buɗe wurin da saƙonnin kuskure suke, ta goge wancan ta rubuta wani.

Ruwa ya kai wa Tunau ƙugu a kan dutsen. Ya ɗaga wayar sama, ya hango sandar da ƙyar, kanta kawai ya rage. Ya rubuta ya aika. Jan Rubutu ya fito:

"Tunau, na karɓa. Bi ta bayan dutse ka kama giginya yanzu. Kada ka waiwaya."

Bai waiwaya ba. Masunta sun ce ba su taɓa ganin mutum ya ratsa ruwa da wuya a miƙe haka ba, har bayan sun ja shi cikin kwalekwale ya ƙi juya kai. Kafin la'asar jinga ta ɓalle, gidansu ne na farko da ya narke. Muna tsaye a Tudun Kuka muna kallo, ba mu rasa ko mutum ɗaya ba.

Aka kawo shi wurin Inna yana rawar sanyi, wuyansa a sandare har yanzu. Ta riƙe fuskarsa tana kuka tana sa masa albarka, mutane suka kewaye shi, waɗanda suka fi yi masa dariya su suka fi matsowa. Shi kuwa hankalinsa ba ya wurin. Ya matso kunnen Inna, ya rage murya.

"Inna, ashe ya san sunana. Kuma ni ya kira, ba ɗayan ba."

Sarkin Ruwa ya miƙa masa wayarsa, ya ce Uwani ce. Ya karɓa da hannu biyu, bai juya kai ba.

"Yaya, ka iya waiwayawa yanzu."

Bai motsa wuyansa ba. Can ya ce, "Uwani, ba don na raina ki ba. Ki ce masa ya rubuto."