Ranar da Na Kashe Sista Mai Keke

Ba zan taɓa mantawa da ƙanshin wainar da aka toya a gidanmu na Ƙofar Galadima ranar nan ba. Ni na jawo toya ta.

Kakata, Hajiya Inna, tana da wata Baturiya a zuciya, ma'aikaciyar jinya a Wusasa wadda ta karɓi haihuwar babana. Sista Mai Keke take ce mata. Tun da Sista ta koma Ingila ba su sake ji daga juna ba, kuma burin Inna ɗaya ne: gaisuwarta ta isa gare ta kafin ta bar duniya.

Ni kuwa na gama jami'a, na ji cewa Turawa na gano danginsu ta tsofaffin jaridu, musamman shafin sanarwar rasuwa. Na kwafi sunan Sista daga bayan wani hoto, na shiga intanet. Sai ga sunan a wata jarida, ga garinsu, an ce ta rasu cikin barci. Na yi kuka (ni da ban taɓa ganinta ba!), har na rubuta mata baituka.

Da na faɗa wa Inna, sai ta ce a jiƙa shinkafa, mutane za su zo. Suka kuwa zo, kowa na "Hajiya, ya haƙuri?" Na tsaya tsakar gida ina fassara musu sanarwar da na buga a takarda.

Sai Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya karɓi takardar ya gyara tabarau.

"'Yar boko, kin duba saman jaridar nan?"

"Me ke can, Kawu?"

"Kwanan wata. Matar nan ta rasu Inna na goye! To wa ya karɓi haihuwar ubanki, fatalwa?"

Ashe kakar Sista ce, sunanta aka sa mata. Mata suka tuntsire da dariya, wata ta ce ai waina dai ba a mayar da ita. Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta riƙo hannuna ta ce, "Ke nan tana nan? Ki sake dubawa, 'yar nan."

Kunya ta hana ni. Abin da na koya dai shi ne a duba kwanan wata kafin a fara kuka.

Sai bayan rasuwar Inna da shekaru na ci karo da sanarwar gaskiya. Ranar da muka ci wainar nan Sista na raye, a gidan 'yar ƙanwarta, da hankalinta, da waya kusa da gadonta.