Kukar Iya Lantana Ba Ta Mutu Ba

Da ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu, Iya Lantana ta tono wata 'yar kuka daga bayan ɗakinta, ta dasa a sabon gidansu da ke bakin dajin Falgore. Da hunturu ya shigo, 'yar kukar ta zubar da ganye tas. Ran nan da hantsi sai ga jikanta Gwadabe da gatari a kafaɗa.

"Barka da hantsi, tsohuwa. Ashe sanyi bai ƙarasa ki ba?"

"Sanyi nawa na binne kafin a haife ka, mijin banza? Ina za ka da gatari?"

"Wannan sandar taki zan cire in kafa rumbu. Ta mutu."

"Taɓa ta ka ga yadda mace ke korar miji da rana tsaka."

"Iya, ko ganye ɗaya babu. Ta koma kamar bakinki."

"Bakin da ya tauna maka tuwo kana tsumma? Shiga dajin nan ka duba. Kuka da ararrabi duk sun tuɓe, don kada ganye ya shanye musu ruwa. Ransu na ciki a ɓoye. Kai in ka shige bargo har kai, mutuwa kake yi?"

"Ni ai ana jin minsharina."

"Kunkuru na can ƙarƙashin busasshen ganye. Gaiwa ta yi ɗaki a taɓo ta rufe ƙofa, bushiya ta dunƙule a rami. Ruwan farko na sauka za su fito garau."

"Ashe danginki ne. Shi ya sa kike wuni a dunƙule bakin murhu."

"Dangina ne, kuma ba na jin kunyarsu! Ruwa ya ci garinmu, ga mu nan daram. Kawo wannan farcen naka mai kama da kofato, ka kankare ta. Kaɗan na ce!"

Gwadabe ya kankare ɓawon. Ƙarƙashinsa kore shar, har da danshi. Ya tuna a gindin uwar kukar nan aka raɗa masa suna, yanzu tana ƙarƙashin ruwa.

"To, sarkin gatari?"

Ya kwashe da dariya. "Na sallama, Iya. Rumbu ya nemi wani wurin. Gobe zan yi mata shinge saboda awaki."

"Ka haɗo da goro. Zagin bakina ba kyauta ba ne."

"Da wane haƙorin za ki ci?"

"Ga turmi can, ga hannunka."